Rakiyar Alhaja Wasilat

SHAFI NA 17

Masu bina da saƙo tun asuba kuna tambayar ina Kaosarat, na gani. Ba mantawa na yi ba, wutar layinmu ce ta tafi ko sallama babu. Ga shi nan, kowa ya gyara zama.

*

Sau biyu ke nan Kaosarat tana shirya zama da Dakta Ummakulsum ta waya, kuma duka biyun an tashi ba a tsinana komai ba.

A na farko, buɗe bakinta ke da wuya Anti Surayya da suke gida ɗaya ta banko ƙofa tana neman aron dutsen guga, ta kuma tsaya gaisawa da likitar har da tambayar mutan gida. A na biyu data ce ta ƙare, daidai lokacin da Dakta ta ce, "To, faɗa min abin da ya faru a asibitin." Hoton ya daskare, Kaosarat ta zauna tana kallon fuskar matar da bakinta a buɗe kamar mai shirin atishawa.

Dakta Ummakulsum likitar damuwa ce, ba ta allura, ba ta rubuta magani, aikinta ta zauna da mutum ya amayar da abin da ke cin ransa. Ba ta da faɗa, amma a wannan karon sai da ta ja kunne.

"Kaosarat, wannan ba aikin tsaitsaye ba ne. Ki samu ɗaki mai ƙofa ki rufe. Wayarki ta cika da caji, ki sa data isasshiya, ki nemi abin kunne. Ki zo min da abu guda ɗaya da kike son faɗa. Kuma ke kaɗai, don Allah."

Ke kaɗai. Da jin wannan ka san Dakta ba ta taɓa taka gidan Alhaji Musiliu na Rijiyar Lemo, mahaifin Kaosarat, ba. A gidan nan in aka ga ƙofa a rufe da rana, to ko dai mutum na fushi ko kuma ya suma, kuma kowanne daga ciki dole a shigo a duba.

Abu ɗayan da za ta faɗa kuwa ba ya buƙatar shiri, kullum yana maƙale a maƙogwaronta. Tun kafin azumin bara aka yi mata tiyata aka ciro 'yarta babu rai. Kafin allurar barci ta sake ta, maza sun riga sun kai yarinyar makwancinta. Ba ta ga fuskarta ba. Da aka sallamo ta gidan iyayenta sai ta tarar an kwashe kayan jariri kaf, ko safa ɗaya ba a bari ba, kuma mahaifiyarta Alhaja Wasilat ta kafa doka: ba a tayar da maganar nan a gidan nan. Tun daga ranar barci ya ƙaurace mata, in ta ji kukan jinjiri a maƙota sai ƙirjinta ya hau dukan tara-tara. Mijinta Mubarak, da ke aiki a Fatakwal, shi ya gaji da jin muryarta a haka ya nemo mata Dakta.

To yau ta sha alwashi. Ta kai wayar shagon mai caji tun safe ta cika fal. Ta loda data. Ta sayo sabon abin kunne. Ta lissafa cewa Alhaja ba ta barin shagonta na Kasuwar Singa sai dab da magariba, zaman kuwa bayan la'asar ne.

Fitowarta daga wanka ke nan ta yi turus.

Alhaja ce zaune a falo cikin farin leshi, an kafa gwaggwaro har yana neman taɓa fanka. An ja kujeru biyu an jera su gaban tebur. A kan teburin ga kular amala, tuwonsu na Yarabawa, ga ta miyar ewedu, ga lemon kwalba.

"Mami, biki ake yi?"

"Bikin wa? Ba yau za ki ga likita ba?"

Kaosarat ta ji kamar ta kwanta a ƙasa ta yi ta birgima.

"Wa ya faɗa miki?"

"Mijinki. Sai da na rantse zan hau mota in same shi a Fatakwal sannan ya faɗa."

"To shagon fa?"

"Na rufe."

Matar da ko ranar da aka ɗaura auren Kaosarat sai da ta leƙa Singa ta ga an sauke katan-katan na taliya, yau ita ce ta rufe shago a tsakiyar mako.

"Mami, a waya ne fa. Ba zuwa za ta yi ba."

"Ko a rediyo ne."

"To amalar ta wace ce?"

"Ta gani dai ta san gidan mutunci ta shigo. Zo ki zauna nan, ni nan."

Kaosarat ta durƙusa gabanta yadda aka tarbiyyantar da ita, ta sassauta murya.

"Mami, ta ce ni kaɗai."

"Ta faɗa ne kawai. Tun da na haife ki, ko haƙori aka cire miki ina tsaye a kanki. A ina kika taɓa ganin mara lafiya ya je wurin likita babu ɗan rakiya? So kike a ce ba ki da kowa?"

"Ba irin wannan likitar ba ce."

"Likita likita ce. Mara lafiya ya yi shiru, ɗan rakiya ya yi bayani. Ke me kika sani game da ciwonki? Ni ke ganinki."

"To me za ki ce mata?"

"Zan ce ba kya cin abinci. Zan ce kina wuni zaune kamar an dasa ki. Ta rubuta miki maganin ƙarin jini mu tashi."

"Ba ta rubuta magani."

"Me take yi to?"

"Saurare take."

Alhaja ta taɓe baki har gwaggwaron ya karkata.

"Saurare. Yo ni kunnuwan nan nawa na ado ne?"

Da Kaosarat ta yi shiru a nan da an rabu lafiya. Amma haushi ya riga ya kai mata wuya.

"Yaushe kika taɓa saurarena, Mami? In na ce zan yi maganar yarinyar nan..."

"Kul."

"Kin gani ko?"

"Na ce kul. Wanda Ya ba da Shi Ya karɓa. Wata na tafe in sha Allahu. Tashi ki sa mayafi mai kyau, kar likita ta gan ki wujiga-wujiga."

Kaosarat ta miƙe jiki a mace. Tsohuwar wayar Alhaja na kan kujerar da aka ce ta zauna, wata mai fasasshen gilashi da aka ɗaure bayanta da roba. Ta kai hannu za ta matsar da ita, sai ji ta yi an fizge, har farcen Alhaja ya karce ta.

"Wa ya ce ki taɓa?"

"Matsarwa zan yi."

"Ba a taɓa min waya."

Ta ƙulle ta a gefen zani ta yi mata ƙulli biyu. Wannan ma wani abin haushin ne. Mubarak ya sayo mata sabuwa dal tun sallar layya, tana cikin kwalinta har yau, ita kuwa wannan gwangwanin ko jikokinta ba ta bari su kalla.

Allah Ya taimaki Kaosarat da abu ɗaya, Alhaja ba ta gajeren wuridi. Ana kiran la'asar suka tayar da salla tare, Kaosarat na sallamewa ta shafa addu'a, ta bar uwar da carbi mai dubu, ta zari jaka, ta riƙe takalmanta a hannu sai da ta kai soro.

A bakin layi ta faɗa adaidaita.

"Sabon Gari. Don girman Allah ka yi sauri."

Sauri a shataletalen Bata da yamma? Masu kura sun cushe da masu dilolin atamfa, wata babbar mota ta gindaya tana juyawa kamar titin gadon gidansu ne. Kaosarat na duba waya tana tsaki, mai adaidaita na ba ta labarin tsadar mai da ba ta tambaye shi ba.

Amarachi ce kaɗai ƙawar da ta rage mata wadda har yanzu take iya kallo ido cikin ido. Tare suka yi firamare, haifaffiyar Sabon Gari ce, tana jin Hausa kamar jakin Kano. Shagon kayan haɗa kek gare ta, da ɗan sito a baya.

"Kin gudo ke nan," in ji Amarachi tana ganinta.

"Ɗaki nake so mai ƙofa. Na awa ɗaya."

"Sito ne kawai, kuma fulawa za ta ɓata miki kaya."

"Ko kabari ne in dai da ƙofa."

Amarachi ta dube ta, ba ta yi dariya ba. Ta ja hannunta suka shiga. Buhunan fulawa ne har rufi, da katan-katan na bota, da 'yar taga guda can sama. Ta bayan bangon kuwa janareton maƙocinta Boniface mai gyaran firij na ta ruri kamar zai tashi sama.

Amarachi ta leƙa ta tagar.

"Boniface, kashe wannan jarabar."

"Aiki nake yi."

"Awa ɗaya. In ba ka kashe ba, kek ɗin bikin ƙanwarka ka nemi mai yi."

Janareto ya yi tari biyu ya mutu.

Sai kuma neman sabis. Tsakiyar ɗaki babu, bakin ƙofa babu, sai a kusa da taga, shi ma sai an ɗora katan uku an jingina wayar da gwangwanin madara. Amarachi ta juya bokiti ta ba ta ta zauna, ta ajiye mata ruwan leda.

"Sakatar ta lalace, amma ina bakin ƙofa. Ko gwamna ne ba zai shiga ba."

Ta ja ƙofar.

Shiru. Kaosarat ta manta rabon da ta ji shiru irin wannan, har ya so ya ba ta tsoro. Ta sa abin kunne, ta danna kira.

Fuskar Dakta Ummakulsum ta fito tar, da farin gilashinta.

"Sannu Kaosarat. Ina ne nan kuma?"

"Sito ne, Dakta. Ki yi haƙuri."

"Yana da ƙofa?"

"Yana da."

"Ke kaɗai ce?"

"Ni kaɗai."

"To ya fi falon sarauta. Sha ruwa, ba sauri muke ba. Me kika zo min da shi?"

Kaosarat ta sha. Wata da watanni tana jiran wannan tambayar, yau ga ta, harshe ya yi nauyi.

"Ban ga fuskarta ba," ta ce daga ƙarshe. "Kowa cewa yake in yi haƙuri. Na yi, wallahi na yi, ban ja da hukuncin Allah ba. Amma Dakta, wata tara tana juyi a cikina, na san lokacin da take barci, na san ba ta son in kwanta ta hagu. Ban san da wa ta yi kama ba. Ko gashi gare ta, ko babu. In na rufe ido ina so in tuna ta, babu abin da zan tuna. Kuma duk wanda ya gan ta ya ƙi..."

"Salamu alaikum. Ina mara lafiyar?"

Muryar ta ratso abin kunnen ta shiga har ƙwaƙwalwarta.

Kaosarat ta runtse ido. Ta ji Amarachi, mai tare gwamna, tana cewa, "Mama, sannu da zuwa, kawo kular in riƙe miki." Ni dai ban ga laifinta sosai ba. Matar da ta ciyar da ke amala tun kina aji ɗaya, da wane bakin za ki ce mata ba shiga?

Ƙofa ta buɗe. Gwaggwaro ne ya fara shigowa, ya goge buhu ya kwashi fulawa.

"Mami, ya aka yi kika..."

"Duk mai adaidaitan layinmu ɗana ne. Matsa min."

Ta janyo katan ɗin bota ta zauna daf da ita, ta gyara leshi, ta leƙa wayar.

"Ita ce wannan? Yarinya ce ashe. Cire wannan igiyar, ba na jin ta."

Kafin Kaosarat ta motsa an tuge abin kunnen.

"Likita, barka da yamma. Ya aiki? Ya iyali? Ni ce mahaifiyarta. Ba ta cin abinci."

"Barka kadai, Hajiya," in ji Dakta, muryarta ko gezau. "Na gode da kika damu da ita haka. Sai dai wannan zaman na Kaosarat ne. Ita ke da ikon cewa ki zauna ko ki jira a waje."

Alhaja ta waiga hagu ta waiga dama, kamar tana neman wadda ake nufi.

"Ita? Ni za ta ba izini?"

"Ita, Hajiya."

"Ikon Allah. To Kao, faɗa mata in zauna mu wuce wurin."

Kaosarat ta dubi katan ukun da aka ɗora, ta dubi gwangwanin madara, ta dubi abin kunnen da ke reto a hannun uwarta. Ta tuna dutsen gugar Anti Surayya. Ta tuna takalmanta a hannu tana sanɗa a gidan ubanta kamar ɓarauniya. Ba ta san lokacin da ta zamo daga kan bokitin ta durƙusa ba.

"Mami, ki fita."

"Me kika ce?"

"Ki yafe min, amma ki fita. Awa ɗaya na roƙa a duk duniyar nan. Kin hana ni a gida, na bar miki gidan. Kin hana ni kuka, na daina. Kin hana ni ambatonta, na yi shiru har na fara jin kamar ƙarya nake, kamar ban taɓa yin cikin ba. Yau na samu wadda za ta ji, kin biyo ni da amala. Me kike so in yi? Ki fita, don Allah."

Tun da aka haife ta ba ta taɓa gaya wa uwarta magana irin wannan ba. Amarachi da ke bakin ƙofa rungume da kula ta sunkuyar da kai.

Kaosarat ta jira tsawa. Ta jira a ce za a kira Alhaji, a kira Mubarak, a kira dangin Ilori gaba ɗaya.



Alhaja ta ajiye abin kunnen a kan buhu. Ta dafa gwiwa ta miƙe, sai a lokacin Kaosarat ta lura da yadda tashi yake yi mata wuya. Ta taka har bakin ƙofa, ta kama marikin. Sai ta tsaya.

Da ta juyo, ba 'yarta ta kalla ba. Wayar ta kalla.

"Likita."

"Na'am, Hajiya."

"Zan fita. Ni ban iya wannan aikin naku na zamani ba. A wurinmu ɗan rakiya shi ke yi wa likita tambayar da ba a yi a gaban mara lafiya. To ke kina cikin waya, ba ni da yadda zan ja ki gefe."

"Kaosarat, kin yarda ta yi tambayar?"

Kaosarat ta ɗaga kai kawai, don ta gaji.

"Na ɗan tsaya a bakin ƙofar nan kafin in yi sallama," in ji Alhaja. "Na ji abin da ta ce miki."

Hannunta ya tafi gefen zani. Ƙulli na farko ya kwance, na biyun ya ƙi, sai da ta sa haƙori.

"Gashi gare ta. Baƙi, mai yawa, har goshi. Ni na yi mata wanka. Ni na naɗe ta."



"Kafin maza su shigo ɗauka, ni kaɗai ce a ɗakin. Ban san abin da ya hau kaina ba. Na ciro wannan na ɗauke ta hoto. Ɗaya tak. Ko Alhaji bai sani ba, in ya sani zai ce na yi abin da ba a yi."

Tsohuwar wayar na kife a tafin hannunta, robar da aka ɗaure ta da ita duk ta yi baƙi.

"Kullum sai in ce gobe zan nuna mata. In na dube ta sai in ji tsoro, kar ta gani hankalinta ya tafi gaba ɗaya, in rasa biyu. In ban nuna ba kuma ga yadda take ƙarewa a gabana. Na hana maganar ne don in aka fara, bakina ba zai riƙe ba. Ban samu wanda zan tambaya ba, Likita. Malam zai yi min faɗa, ƙawaye za su kai kasuwa. Da mijinta ya ce min akwai likitar da ta san irin wannan, shi ne na rufe shago na sa leshi."

Hawaye ya gangaro ya ja layi a kan fulawar da ke kumatunta. Ba ta share ba.

"Ke kika yi karatun. In nuna mata, ko kar in nuna?"

Dakta Ummakulsum ta gyara gilashi, ta matso kusa, ta buɗe baki.

Sabis ɗin da ya yi mutunci tun ɗazu, nan ya ga damar tafiya. Hoton ya daskare. Wani ɗan zobe ya hau juyawa a kan fuskarta.

"Likita?"

Shiru.

"Likita, kina ji na? Kao, taɓa mata abin nan, ta tsaya."

Kaosarat ba ta ko kalli wajen ba. Tana nan durƙushe, idonta a kan wayar da ke hannun uwarta.

Alhaja ta ƙara kiran likita sau ɗaya, a hankali, kamar mai kiran wanda ta san ya riga ya yi nisa. Ta dubi Amarachi, Amarachi ta ja ƙofa ta rufe su.

Babu sauran wanda za a tambaya a ɗakin sai mutum ɗaya.

Alhaja Wasilat ta tattare farin leshinta, ta sauko ƙasa da ƙyar, gwiwa biyu a cikin fulawa, har fuskarta ta yi daidai da ta 'yarta. Ta miƙo wayar a kife.

"Kao," ta ce, "in juya?"